Rumbun da Na Share

Alhamis ce, bayan la'asar,
zafin Afrilu, fankar ofis wuta kawai take juyawa.
Taga biyu na buɗe a kan allo,
ɗaya ta gwaji, ɗaya ta gaske,
kamarsu ɗaya, sai ka ce tagwaye cikin anko.

Na rubuta layi guda.
Ban duba goshin tagar ba.
Yatsana ya sauka.

Na'ura ba ta ce "Luba, kin tabbata?" ba.
Cewa ta yi an gama.
Ko daƙiƙa biyu ba a cika ba.

Suna dubu tara da ɗari huɗu da shida,
manoman albasa na ƙungiyarmu,
daga Kware, Wurno, Goronyo, har Gada:
wanda ya karɓi taki, wanda ya biya rabi,
wadda ta jinginar da injin ban-ruwa,
wanda ya rasu ana binsa buhu uku.
Duk na share su
da hannun da nake cin tuwo.

A waje mai fura tana ta kira,
jakai na wucewa zuwa Kara,
babu wanda ya san gari ya ci wuta
a cikin ɗakin nan mai labule shuɗi.

Na ce wa zuciyata, kwanta, ai akwai ajiya,
ni na saita ta, kullum ƙarfe biyun dare.
Na buɗe.
Kwafin ƙarshe, Satumba.
Ashe faifan ya cika tun kaka,
wata bakwai yana aika kukansa
zuwa akwatin saƙon wani
da ya bar aiki ya koma Birnin Kebbi.

Shugaba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Hularsa ya cire, ya leƙa cikinta,
ya mayar.

Da magariba sai ga Malam Jabbi mai sito,
buhu huɗu ɗaure a bayan babur.
Rasit ne, masu shuɗin kabon,
waɗanda bara na ce a ƙona,
na ce zamani ya wuce su,
har na yi dariya.
Bai tuna mini ba. Igiya kawai ya kwance.

Dare goma sha tara muna shigarwa,
shi yana karantawa, ni ina bugawa,
janareto na tari, sauro na cin rabonsa.
Ɓera ya cinye mana rabin Nuwamba.

Don Nuwamban nan aka kira mutane.
Wani dattijo, Ɗan'ige, daga Wurno,
ya ce buhu biyar ake binsa, ba uku ba, in gyara.
Wani ya ce ya biya duka,
idonsa na kan takalminsa.
Na rubuta abin da ya faɗa.
Ni da na ɓatar da shaida,
da wane baki zan ƙaryata shi?

Daren ƙarshe Jabbi yana naɗe buhu ya ce:
"Ɗiyata, mu wuri ukku muka aje iri.
Guda ga rumbu, guda ga tulu,
guda gidan ƙanena can Rabah.
Kuma kahin shuka sai mun jiƙa kaɗan ga tsumma,
mu gani ko shina da rai.
Irin da ba a gwada ba, tsammani na."

Yanzu tagar gaske ja ce jawur, kamar barkono.
Kwafi ɗaya na ofis, ɗaya na nesa,
ɗaya a aljihun jakata, kusa da makullin gida.
Duk safiyar Juma'a nakan jiƙa tsummana,
in tayar da ajiya, in ƙirga sunaye,
sai na ga Ɗan'ige da buhunsa biyar
sannan in sha ruwa.

Yatsan kuwa har yau
yakan tsaya a sama kaɗan,
kamar mai jiran a ce masa bismilla.